Kolometiri: Ma'anar Kalmar da Amfaninta wajen Tsara Zuben Hausa

1. Gabatarwa

Akwai kalmomin fannu da ba a cika jin su ba sai a bakin ƴan tsirarun masana, alhali kuwa aikin da suke nufi kullum ana cikin yin sa. Kalmar kolometiri, wadda Faransawa ke rubutawa colométrie, tana daga cikinsu. Abin da take nufi shi ne tsara rubutu ta yadda kowace saɗara za ta ƙare inda wani yanki na magana ya ƙare, ko da akwai sauran fili a takarda. Malamin da ke shirya ɗan littafin karatu domin manya, ya bi jimla yana karya ta guntu-guntu don kada sabon mai karatu ya sarƙe, kolometiri yake yi. Haka nan mai binciken da ya ɗauko tatsuniya a faifai daga bakin wata tsohuwa a Tasawa ko Madawa, ya zauna yana juya ta a takarda, yana sauka sabuwar saɗara duk inda tsohuwar ta yi shiru.

Da yake aikin ba shi da tsayayyen suna a Hausa, ba shi da tsayayyar ƙa'ida, kowa yana yankawa inda hannunsa ya tsaya. Maƙasudin wannan nazari shi ne ya bi asalin kalmar, ya raba ta da wata da ake yawan rikita su, sa'an nan ya nuna cewa ayyuka biyu ne mabambanta ke fakewa a ƙarƙashinta: yanka bisa ma'ana da yanka bisa numfashi. Kowannensu yana da wurin da ya dace da shi, kuma gwama su a shafi ɗaya yana cutar mai bincike, yana cutar mai koyon karatu.

2. Asalin kalmar

Kalmar Girkanci ce mai sassa biyu. Kolon na nufin gaɓa ta jiki, kamar hannu ko ƙafa. Metron kuwa awo. Masana balaga na Girka sun kasa magana mataki uku. Babban shi ne periodos, wato maganar da ta kewayo ta cika. A cikinta akwai kolon, gaɓa mai ɗauke da wani sashe na ma'ana. Ƙaramin shi ne komma, guntun da aka datse, daga wani aikatau mai ma'anar sara ko yanka. A littafi na uku na aikinsa kan balaga, Aristo ya sharɗanta wa magana mai gaɓoɓi abu biyu: ta kasance cikakkiya mai rarrabuwa, ta kuma kasance mai sauƙin faɗa ba tare da numfashi ya yanke ba. Ke nan tun daga tushe ma'ana da numfashi suna tafe tare cikin wannan tunani, kuma daga nan rikicin da za a gani gaba ya samo asali.

Da farko ga waƙa aka yi aikin. Ana danganta wa Aristofan na Bizantiya, wanda ya shugabanci babban ɗakin littattafai na Iskandariya wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa shi ya rarraba waƙoƙin Pindar gaɓa-gaɓa, alhali a da ana rubuta su a jere kamar zube. Daga baya ne dabarar ta tsallaka zuwa zuben kansa.

Dalilin tsallakawar a fili yake idan aka tuna yadda littafin wancan zamani yake. Marubutan Girka, da na Rum daga baya, suna jera haruffa ba fili tsakanin kalmomi, alamomin tsayawa kuma ƙalilan ne. Da Hausa aka rubuta haka, da an ga irin wannan: BAƘOYAZOGARIDADARE. Sai mai karatu ya yi bitar shafi, ya gano inda kalma ta ƙare da inda magana ta tsaya, kafin ya iya karanta shi a gaban jama'a. Raba kalmomi da fili bai zama al'ada a rubutun Latin ba sai a hannun marubutan Ailan na ƙarni na 7 da na 8.

Wani abin lura shi ne yadda sunayen nan uku suka sauka daga kan yankin magana suka koma kan alamar da ke iyakance shi. A Ingilishi komma ta zama sunan waƙafi, kolon ya zama sunan ruwa biyu, periodos kuma, a Amurka musamman, ya zama sunan aya. Hausa ma ta bi irin wannan hanya da kanta. Kalmar aya sunan yankin Alƙur'ani ce, ta zama sunan alamar da ke rufe shi a allo, daga nan boko ya are ta ya ba ɗigon ƙarshen jimla. Waƙafi kuwa daga waƙafin makaranta ya fito, wato tsayawar mai tilawa.

3. Tsarin Jerom da gargaɗinsa

Wanda sunansa ya fi maƙalewa ga tsara zube gaɓa-gaɓa shi ne Jerom, malamin Kirista da ya rasu a Baitalami a shekara ta 420. Shi ya fassara littattafan Tsohon Alkawari daga Ibrananci zuwa Latin, wajen shekarun 390 zuwa 405. A gabatarwar fassararsa ta littafin Ishaya ya bayyana cewa ya rubuta shi per cola et commata, wato gaɓa-gaɓa da guntu-guntu, kamar yadda ake yi wa jawaban Demostene da na Sisero. Ya ce ya yi haka domin amfanin masu karatu. A gabatarwar littafin Ezekiyel ya ƙara da cewa wannan tsari yana sa ma'ana ta fi fitowa fili.

Abu biyu ne a maganar Jerom suka shafi wannan nazari. Na farko gargaɗi ne: ya ja kunnen mai karatu kada ya ga gajerun saɗaru ya zaci annabawan da awon waƙa suka yi magana, domin Demostene da Sisero ma zube suka rubuta. Na biyu shi ne wanda aka yi tsarin dominsa. Kasiyodoro, wanda ya kafa gidan ibada da karatu na Bibariyum a kudancin Italiya a ƙarni na 6, ya bayyana cewa Jerom ya yi haka ne saboda ƴan'uwan da ba su koyi alamomin tsayawa a makarantun nahawu ba. Wato tun asali dabara ce ta taimakon mai ƙarancin karatu, irin wanda yaƙi da jahilci ke hidima da shi.

Shahararren littafin da aka rubuta bisa wannan tsari shi ne wanda ake kira Amiatinus. An rubuta shi a arewacin Ingila wajen shekara ta 700, aka tafi da shi za a kai wa Paparoma a shekara ta 716, yanzu yana ajiye a birnin Fulorans. Kowace gaɓa tana farawa a bakin shafi. Idan ta fi saɗara tsawo, sai a shigar da sauranta ciki kaɗan. Kusan babu alamar tsayawa a cikinsa, domin saɗarar ta ɗauke wannan aiki. Yana da ganye fiye da 1,000, nauyinsa ya haura kilo 30, an kuma ƙiyasta cewa ya ci fatun maruƙa fiye da 500. Tsadar wannan tsari ke nan tun a wancan zamani, kuma za a sake cin karo da ita wajen maganar takarda.

4. Kolometiri da istikometiri

Akwai wata kalma mai kama da wannan, istikometiri, daga stichos, wato saɗara. Littattafan ƙarni na 19 sukan kira ayyukan biyu da wannan suna ɗaya, har yau kuma akan ga mai rubutu ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya. Bambancinsu kuwa babba ne. Istikometiri ƙidaya ce: hanyar da mutanen da suke auna tsawon littafi da wata saɗara ta awo, wadda ba ruwanta da ma'ana. Masanin Faransa Charles Graux ya nuna a shekara ta 1878 cewa wannan saɗara daidai take da tsawon ɗango ɗaya na waƙar Homa, wato gaɓa 15 ko 16, kimanin harafi 36. Da ita ake sanin kuɗin littafi, da ita ake gane ko an tauye shi, da ita kuma ake biyan marubuci. A dokar farashi da sarkin Rum Diyokilitiyan ya kafa a shekara ta 301, ladan saɗara 100 na rubutu mafi kyau denari 25 ne, na mai bi masa 20, na takardun yarjejeniya 10.

Saɗarar istikometiri mudu ce ta awo, tsawonta ɗaya ko'ina. Saɗarar kolometiri kuwa tsawonta yana bin magana: wata kalma biyu, wata goma. Mai buga littafi da ke lissafin shafi, ko mai fassara da ake biya bisa yawan layi, istikometiri suke yi. Wanda ya tsaya yana tambayar kansa inda ya kamata a yanke jimla, shi ke yin kolometiri. Duk wanda ya rubuta cewa ya tsara matani bisa istikometiri, alhali yankan ma'ana yake nufi, ya ɓatar da mai karatunsa.

5. Numfashi ko ma'ana

A ƙarni na 20 dabarar ta sake farfaɗowa, wannan karon da kunne aka nufe ta. Martin Buber da Franz Rosenzweig sun fara fassara Baibul na Ibrananci zuwa Jamusanci a shekara ta 1925, Buber ya kammala shi kaɗai a 1961. Sun tsara shi saɗara-saɗara bisa abin da suka ɗauka numfashi guda ne na mai karantawa a fili. Daga baya masu nazarin adabin baka a Amurka suka rabu gida biyu. Dennis Tedlock, a littafinsa na 1972 kan labarun mutanen Zuni, ya bi faifai: gajeren shiru sabuwar saɗara, dogon shiru fili mai faɗi, ɗaga murya manyan haruffa. Dell Hymes kuwa, a littafinsa na 1981, ya yi aiki da labarun mutanen Chinook waɗanda aka rubuta tun ba a ɗaukar murya yadda ya kamata. Don haka ya nemi iyakar saɗara a cikin nahawu, wato aikatau da ƙananan kalmomin da ke buɗe sabon zance.

Wannan sauyi ya iso Afirka ta Yamma. Djibril Tamsir Niane ya ba da labarin Sunjata cikin zuben Faransanci a 1960. Gordon Innes ya buga shi saɗara-saɗara a 1974, daga bakin mabaɗa na Gambiya. A Nijar, Thomas Hale ya ɗauki labarin Askiya Muhammadu cikin Zabarmanci daga bakin Nouhou Malio a 1980 da 1981, ya buga shi a 1990 da saɗaru masu lamba.

Ga Hausa, irin kayan da ke hannu shi zai zaɓi hanya. Labarun da J. F. Schön ya buga a Magana Hausa a 1885, waɗanda da yawansu daga bakin Dorugu ne, ɗan ƙasar Damagaram, shifta aka yi. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 kuwa malamai suka rubuto su da ajami. A irin waɗannan matani numfashin mai ba da labari ya ɓace, ba mai dawo da shi. Abin da ya rage shi ne yanka bisa ma'ana. Inda akwai faifai kuwa, hanyoyin biyu a buɗe suke, amma ba sa kaiwa wuri ɗaya. Ga jimla da aka ƙirƙira domin misali, an yanka ta bisa ma'ana:

Sai gizo ya tashi da asuba,
ya ɗauki taikinsa,
ya nufi gonar kura,
yana tafe yana waige,
har ya kai bakin rafi.

Ga kuma yadda gwanar tatsuniya za ta iya faɗin ta, idan aka bi shirunta:

Sai gizo
ya tashi da asuba ya ɗauki taikinsa ya nufi gonar
kura,
yana tafe yana waige har ya kai bakin rafi.

A tsari na biyu an raba gonar da kura, abin da nahawu ba ya so. Amma a nan gwanintar take: tsohuwa ta riƙe sunan kura a baki, yara suka ɗaga kai, sa'an nan ta sake shi. Mai binciken da ya gyara wannan yanka don ya dace da nahawu ya share shaidar da ya je nema. Malamin da ya ɗauki wannan shafi yadda yake ya miƙa wa mai koyon karatu, shi kuma ya haƙa masa rami. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na uku: a fara shafi da bin faifai, a ƙare shi da bin nahawu, ba a gaya wa kowa ba. Matanin da aka yi wa haka ba ya zama hujja ga mai nazarin salon baka, domin ba a san wace saɗara ce ta mai labari, wace ce ta mai rubutu ba.

A nan ne kuma gargaɗin Jerom ke da amfani. A idon Bahaushe mai karatu, gajerun saɗaru a jere alamar waƙa ce, domin a ajami da boko duka waƙa ake tsarawa ɗango-ɗango, zube kuwa a bar shi ya malala. Yankan saɗara ba ya mayar da tatsuniya waƙa. Rubutacciyar waƙa tana da kari da amsa-amo, waƙar baka tana da kiɗa da amshi da rauji, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke samuwa don kawai an sauka sabon layi. Idan aka yanka dukan tatsuniya, waƙar da ke tsakiyarta, wadda a da ita kaɗai ke fita daban a shafi, sai ta nutse cikin sauran. Dole ke nan a ware ta da wata alama, ko a ƙara shigar da ita ciki.

6. Inda Hausa ke yarda a yanka ta

Cewa wurin tsayawa yana sauya ma'ana ba baƙon zance ba ne ga wanda ya yi karatun allo. Ilmin waƙafi da farawa fanni ne mai zaman kansa, wanda malamai irin su Ibnul Anbari da Addani suka yi wa littattafai, kuma a kan waƙafin Alhabɗi na Fas, wanda ya rasu a shekara ta 930 ta Hijira, ake tsara mus'hafan Warshu da yawa. Saɓanin malamai kan inda za a tsaya a aya ta 7 ta Suratu Ali Imrana sananne ne: tsayawa a wuri ɗaya tana keɓe sanin fassarar ayoyi masu kama da juna ga Allah, zarcewa kuwa tana shigar da masu zurfin ilmi. Mus'hafi da alama yake nuna waƙafi, ba ya yanka saɗara, amma darasin ɗaya ne: wanda ya sa wurin tsayawa ya yi fassara.

Haka abin yake a takardar asibiti. A dubi wannan jimla ba alama: a ba yaro rabin ƙwaya da safe da dare a ba babba guda. Tana yankuwa iri biyu:

A ba yaro rabin ƙwaya da safe da dare,
a ba babba guda.

A ba yaro rabin ƙwaya da safe,
da dare a ba babba guda.

A ta farko yaro sau biyu zai sha, a ta biyu sau ɗaya. Waƙafi zai iya raba gardamar, amma sabon mai karatu yakan tsallake waƙafi bai gan shi ba, ƙarshen saɗara kuwa ba ya tsallakuwa.

Harshen da kansa yana nuna inda ba ya son wuƙa. Aikatau da yawa suna sauya wasalin ƙarshe bisa abin da ke biye da su, kamar yadda F. W. Parsons ya tsara a 1960: ana cewa abin da ya saya, ya sayi hatsi, ya saye shi. Saɗarar da ta ƙare da ya sayi ta bar mai karatu a rataye, domin siffar kalmar ta riga ta yi alkawarin suna. Daga irin wannan shaida ana iya fitar da ƴan ƙa'idoji na yanka bisa ma'ana:

(a) Ba a raba wakilin suna mai nuna lokaci da aikatau: ya tafi, suna zuwa, za ta dawo.
(b) Ba a raba aikatau da karɓau ɗinsa na kusa, musamman idan wakilin suna ne: saye shi, gaya mata.
(c) Ba a yanka bayan -n ko -r ta mallaka: gidan sarki, gonar kura.
(d) Ba a fara saɗara da ne ko ce, ko da ba ta ƙarshen korewa, ko da dai, fa, kam, kuwa, ma, domin dukansu a kan kalmar baya suke jingina.
(e) Ana fara saɗara da sai, amma, har, domin, idan, ko da, sa'ad da, da kuma wanda, wadda, waɗanda idan abin da suka jawo mai tsawo ne.

Kalmar da tana bukatar kulawa ta musamman. Bayan taron Bamako na 1966, an yi shekaru a Nijar ana ninka wasali don nuna tsawonsa, kamar yadda sunayen jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii suka shaida. Bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a watan Janairu na 1980 aka bar wannan. A tsohon rubutu, da ya zoo daban yake da daa yaa zoo. Yanzu kuwa dukansu da ya zo ake rubutawa, sai abin da ya biyo baya ya bambanta su:

Da ya zo,
ya same su.

Da ya zo,
da ya same su.

Idan sassan biyu suna jere ɗaya bisa ɗaya, ido yana hango farkon na biyu tun bai gama na farko ba, sai murya ta ɗauki sautin da ya dace tun daga kalmar farko. Wannan wani ɓangare ne na nauyin da barin ninka wasali ya ɗora wa mai karatu, wanda tsarin shafi zai iya rage masa.

7. Littattafan sababbin masu karatu

An yi gwaje-gwaje kan wannan tsari a Ingilishi. Ward Cromer ya nuna a 1970 cewa wasu masu raunin karatu, waɗanda suka san kalmomi amma suke karanta su ɗai-ɗai, fahimtarsu ta ƙaru da aka tattara masu kalmomin yanki-yanki. Frase da Schwartz sun samu a 1979 cewa manya sun fi saurin gano bayani a takardun fasaha da aka yanka bisa ma'ana. Ƙa'idojin rubutu mai sauƙin karantawa da fahimta da ƙungiyar Inclusion Europe ta fitar a 2009 su ma sun ce a fara kowace jimla a sabuwar saɗara, idan ta yi tsawo a yanke ta inda mai magana zai tsaya. Duk wannan a harsunan Turai ne. Abin da ya dace shi ne a gwada a cibiyoyin karatun manya na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da matani ɗaya cikin tsari biyu, kafin a mayar da shi doka.

Akwai kuma abin da za a biya. Jimlar gizo da ke sama ba ta kai layi biyu ba a zube, ta zama biyar da aka yanka ta. Inda kuɗin takarda da na ɗab'i ke ƙayyade yawan littafin da zai kai ƙauye, ba ƙaramin lissafi ba ne. Bugu da ƙari, jarida da wasiƙa da takardar ƙungiyar manoma ba a yanke suke zuwa ba. Wanda bai taɓa karatu ba sai a yankakken shafi, ranar da ya gamu da cikakken sakin layi zai dawo farko. Saboda haka tsarin ya fi dacewa da littafin farko da na biyu, a riƙa tsawaita saɗarar sannu a hankali, ana barin waƙafi da aya a wurarensu tun daga shafin farko, har mai karatu ya saba da cewa alamar ita ke faɗin abin da ƙarshen saɗara ke faɗi. Inda ya kamata a riƙe shi har ga gwanayen karatu shi ne inda kuskure ke da hatsari: awon magani, haɗin taki da maganin ƙwari, sharuɗɗan bashi.

8. Sunan da ya dace da kammalawa

Kolometiri ba za ta zauna a bakin malamin karkara ba, tana bukatar sunan Hausa. Fassarar kai tsaye ita ce awon gaɓa, amma gaɓa ta riga ta zama sunan yankin kalma a littattafan koyon karatu, awo kuma yana jan hankali zuwa ga karin waƙa. Ɗango na waƙa ne, ɗaukarsa zai jawo ainihin ruɗanin da Jerom ya yi gargaɗi a kansa. Sakin layi yana da nasa aikin. Shawarar da ta fi sauƙi ita ce a ce yankan saɗara, a kuma bi shi kullum da bayanin irinsa: yankan saɗara bisa ma'ana, ko yankan saɗara bisa numfashi. Istikometiri kuwa a ce mata ƙidayar saɗara.

Amfanin wannan suna shi ne yana tilasta wa mai aiki ya faɗi abin da ya yi. Duk matanin adabin baka da za a buga a yanke, ya kamata gabatarwarsa ta faɗi ko faifai aka bi ko nahawu, da tsawon shirun da aka ɗauka a matsayin iyakar saɗara, da lambar faifan da inda yake ajiye, domin wani ya iya saurarawa ya gwada. Duk littafin da za a ba mai koyo kuwa, a yanka shi bisa ma'ana kaɗai, a kuma sa wani wanda bai san matanin ba ya karanta shi a fili kafin a kai maɗaba'a. Inda ya yi tuntuɓe, a sake duba yankan wurin.